Passé simple: yadda ake sarrafa aikatau masu bin ƙa'ida a lokacin da Faransawa ke rubutawa amma ba sa faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin Faransanci ne a jami'a, a Kano. Mun yi passé composé da imparfait, na ɗauka na gama da shuɗaɗɗen lokaci. Da na buɗe littafin labarin da aka ce mu karanta, sai na yi ta cin karo da irin su il marcha, ils marchèrent, elle répondit. An ce mini sunansa passé simple. Yaya ake sarrafa aikatau masu bin ƙa'ida a cikinsa, kuma dole ne sai na haddace shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Gane shi dai ba makawa, don duk mai karanta adabin Faransanci ko littafin tarihi tun a shafin farko zai gamu da shi. Rubuta shi kuma zai zame maka dole ranar da aka ce ka rubuta récit, wato labari, a jarrabawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram tun suna firamare ake gasa musu shi a dictée, wato shifta, yana biye da su har jarrabawar BEPC. Amma kada ka ji an ce lokacin adabi ne gabanka ya faɗi. A aikatau masu bin ƙa'ida jeri biyu ne kacal na ɗafa-ƙeya, shida-shida, kuma ya fi passé composé sauƙin ginawa. Ba ruwanka da zaɓe tsakanin avoir da être, ba ruwanka da daidaita participe da mace ko jam'i. Inda passé composé zai ce elle est tombée, elles sont tombées, shi sai ya ce elle tomba, elles tombèrent, shi ke nan. In ka ga passé défini a wani tsohon littafin nahawu, shi ne dai, tsohon sunansa ke nan.

Kafin jerin, ka fara sanin aikin da yake yi, don a nan Bahaushe yana da abin hannu wanda mai zuwa daga Ingilishi ba shi da shi. Shuɗaɗɗen lokaci biyu gare mu: na "sun tafi" da na "suka tafi". In ka shigo gida aka tambaye ka ina baƙin, "sun tafi" za ka ce, don maganar ta shafi halin da ake ciki yanzu. In kuwa tatsuniya kake yi, ko kana jero yadda aka yi wani yaƙi, sai ka ce "suka tashi, suka ɗaura sirdi, suka kama hanya". Passé composé ya fi kusa da na farko. Passé simple shi ne "suka" ɗin mai ba da labari, mai tura al'amura gaba ɗaya bayan ɗaya. Imparfait kuma shi ke riƙe da "suna" da "sukan", wato yanayin da ake ciki da abin da aka saba. Dubi wannan:

Le soleil se couchait. Le vieux berger rassembla ses chèvres, les compta deux fois et poussa un cri : il en manquait une. Ses fils abandonnèrent leur repas, saisirent leurs bâtons et descendirent vers la mare.

Da Hausa: Rana tana faɗuwa. Sai tsohon makiyayin ya tattara awakinsa, ya ƙirga su sau biyu, ya kwarma ihu: ɗaya ba ta nan. 'Ya'yansa suka bar abincinsu, suka suri sandunansu, suka gangara tafki. Ka lura, se couchait da manquait ba su motsa labarin ba, sun dai faɗi halin da ake ciki. Sauran shidan kuwa kowanne taki ɗaya ne aka yi gaba. Iyakar kamannin ke nan, kada ka ja shi ya wuce haka. Mu kullum muna faɗin "suka" a hira, har a tambaya irin "su wa suka zo?", inda Bafaranshe ba zai kawo passé simple ba. A bakinsu passé composé ya haɗiye aikin biyun, passé simple ya koma takarda.

To, jeri na farko, na aikatau masu ƙarewa da -er, waɗanda su ne kusan tara cikin goma na aikatau ɗin harshen. Ka cire -er daga infinitif, abin da ya rage shi ne saiwa, sai ka liƙa mata -ai, -as, -a, -âmes, -âtes, -èrent:

je parlai, tu parlas, il parla, nous parlâmes, vous parlâtes, ils parlèrent

Ukun farko ka riga ka san su ba ka sani ba, don avoir ne na présent: j'ai, tu as, il a. Il parla ba ya ɗaukar t, ko da hannunka ya so ƙara ta. Wajen furuci, parlâmes "parlam" ne, parlâtes "parlat", a parlèrent kuma ana jin r kamar ta père da mère, amma -ent ɗin shiru. Aller, duk da taurin kansa a présent da futur, a nan lafiya lau yake bin sahu: j'allai, il alla, ils allèrent. Haka envoyer, il envoya.

Wannan 'yar hula da ke kan nous da vous, accent circonflexe, wadda yaran makaranta ke kira chapeau, tana da tarihi. Lokacin gaba ɗayansa daga parfait na Latin ya fito. Cantastis na Latin, wato na vous, ya zama chantastes a tsohon Faransanci, daga baya aka daina furta s ɗin tsakiya amma aka ci gaba da rubuta ta, har ƙamus ɗin Académie française, hukumar harshen Faransanci, na 1740 ya maye gurbinta da hula, kamar yadda forest ya koma forêt, teste ya koma tête. Shi nous asalinsa ba shi da wannan s, aro ya yi wajen vous aka yi ta rubuta chantasmes, hular ta same shi ta nan. Gyaran ƙa'idojin rubutu na 1990 ya halatta cire hula daga kan i da u a kalmomi da yawa, irin maître da coût, amma ya bar ta daram a nous finîmes da vous finîtes. Don haka ɗalibin da ya manta da ita ya ce wai sabon rubutu yake bi, ba shi da hujja.

Inda maki ke zubewa a wannan jeri, rubutun saiwar ne a iri biyu na aikatau. Na farko masu -ger. A Faransanci g a gaban a tana da ƙarfi, irin ta "gari", sai a gaban e ko i take laushi. In ka rubuta il manga ka sauya furucin manger gaba ɗaya, shi ya sa ake cusa e a tsakani: je mangeai, tu mangeas, il mangea, nous mangeâmes, vous mangeâtes. A na ƙarshen kuwa è ta riga ta yi aikin, saboda haka ils mangèrent, ba tare da wata e ta biyu ba. Mangeèrent da nake yawan gani a takardun ɗalibai, na wanda ya haddace dokar ne bai san dalilinta ba. Masu -cer ma haka suke, sai dai su ɗan wutsiyar nan cédille ake rataya wa c: je commençai, il commença, nous commençâmes, amma ils commencèrent. Biyar da gyara, ɗaya babu. Masu -guer kuma suna riƙe u ɗinsu ko'ina, ko da furuci bai buƙace ta ba: il navigua, nous naviguâmes.

Ragowar waɗanda suka ba ka wahala a présent, a nan sun huta kai ma ka huta. Appeler da ke ninka l a j'appelle, jeter da ke ninka t, acheter da lever da ke ɗaukar è, espérer da ke juya é, nettoyer da ke mayar da y zuwa i, duk saiwar infinitif suke riƙewa: il appela, ils appelèrent da l ɗaya, il jeta, il acheta, ils achetèrent, il leva, ils espérèrent, il nettoya, il paya. In saiwar ta ƙare da wasali kada idonka ya ruɗe ka, j'oubliai daidai ne, ils créèrent ma daidai ne.

Yanzu ga babban ramin, wanda Faransawan ma suke faɗawa: je parlai da je parlais. A ƙa'ida na farko da é yake ƙarewa, na biyu da è, amma masu magana da yawa furuci ɗaya suke yi musu, kunne ba zai cece ka ba. Ga irin jimlar da ke zuwa mini a rédaction, wato insha'i: Soudain, j'entendis un bruit. Je me levais et j'allumais la lampe. Ɗalibin ya fara daidai da entendis, sai hannu ya zarce ya sa s a sauran biyun, ya mayar da su imparfait. Maganin shi ne ka cire je ka sa il, ka karanta da ƙarfi. Soudain, il entendit un bruit, il se leva et il alluma la lampe: wannan ya zauna. Il se levait et il allumait bai zauna ba, don tashin da kunna fitilar sau ɗaya aka yi su, bayan jin motsin. Tunda il se leva ne, to je me levai ne, j'allumai ne, babu s. Kana iya gwada shi da Hausa ma. In abin da kake nufi "sai na tashi na kunna fitila" ne, -ai. In "ina tashi" ne ko "nakan tashi", -ais.

Akwai kuma ruɗani da futur, tunda shi ma -ai, -as, -a yake ɗauka. Bambancin shi ne futur a kan infinitif cikakke yake hawa, passé simple a kan saiwa: je parlerai gobe ne, je parlai ya wuce. Wannan ba wuya sai an zo kan aikatau da saiwarsu ta ƙare da r. Il entra ya yi kama da futur saboda -ra, alhali "ya shiga" ne, futur ɗinsa il entrera. Il montra na montrer ne, ya nuna. Il montera na monter ne, zai hau. Il rentra ya koma gida, il rendra zai mayar. Duk sanda ka yi shakka, ka nemo infinitif tukuna ka ga me aka cire.

Jeri na biyu ya haɗa gida biyu: masu -ir irin finir, waɗanda ke yin -issons a présent, da masu -re irin vendre. Ɗafa-ƙeyarsu -is, -is, -it, -îmes, -îtes, -irent:

je finis, tu finis, il finit, nous finîmes, vous finîtes, ils finirent

je vendis, tu vendis, il vendit, nous vendîmes, vous vendîtes, ils vendirent

Choisir, réussir, saisir, obéir, grandir, remplir duk sahun finir suke bi, kuma -iss- ɗin nan ba ya leƙowa ko kusa, babu wani abu wai shi il finissa. Haïr kuwa ɗigo biyunsa yake riƙewa maimakon hula: nous haïmes. Attendre, entendre, répondre, perdre, rendre, descendre, mordre suna bin vendre. Littattafan da aka rubuta don masu Ingilishi suna lissafa waɗannan cikin masu bin ƙa'ida, nahawun makarantun Faransa da Nijar kuwa a troisième groupe yake zuba su, saboda haka kada ka yi mamaki in ka buɗe Bescherelle, littafin nan na sarrafa aikatau, ka same su can. Sarrafawar dai ba ta canja ba. Kuma wasalin nan ɗaya, a ko i, yana iya raba ma'ana: ils fondèrent une ville, sun kafa gari, daga fonder, les neiges fondirent, ƙanƙara ta narke, daga fondre.

Na san ka lura cewa je finis, tu finis, il finit ba su da bambanci da présent ko na ɗigo. Gaskiya ne, sai mahallin jimla ya raba. Il finit son thé et regarde la rue, présent ne saboda regarde. Il finit son thé et regarda la rue, passé simple ne saboda regarda. Mu ma muna da irin wannan a rubutunmu. "Ya tafi" mai dogon wasali da "sai ya tafi" mai gajere harafi ɗaya muke rubuta su, sai ka mayar jam'i sannan "sun" da "suka" su fito. Haka za ka yi a nan: ils finissent ko ils finirent, wanne ya zauna a jimlar?

Hular nan fa a wuri biyu kawai take, nous da vous. In ka ɗora ta a kan il, ka fita daga passé simple ka shiga imparfait du subjonctif: qu'il parlât, qu'il finît, qu'il vendît. Ɗalibai suna son yi wa il finit hula don su ga ya yi kama da adabi, mai gyara kuwa kuskure zai ƙirga.

Kore da aikatau masu se ba su da wani sabon abu: il ne parla pas, elle ne répondit jamais, elle se leva, ils se regardèrent. Abin da za ka gani a kowane shafi mai zance shi ne juyin nan na bayan magana. Masu ƙarewa da a suna karɓar t tsakanin karan ɗori biyu, don kada wasula biyu su yi karo: demanda-t-il, ajouta-t-elle. Masu ƙarewa da t ba sa buƙata: répondit-il. Wannan t ta demanda-t-il ta furuci ce, kada ta ja ka ka rubuta il demandat.

Batun inda ake amfani da shi kuma, labaran ƙirƙira ne, da tatsuniyoyin yara, da tarihi, da tarihin rayuwar mutane, da fassarorin littattafan addini, da wasu rubuce-rubucen jarida. In ka shiga kanti a Yamai ko Paris ka ce j'achetai du pain, za a gane ka, amma za a dube ka kamar wanda ya sa babbar riga ya shiga gona. Ba haka yake ba tun asali. A ƙarni na 17 yana baki, har masana nahawu suka sa masa dokar awa 24. Nahawun Port-Royal na 1660 ya yarda a ce j'écrivis hier, ya hana j'écrivis ce matin, wai sai dare ya ratsa tsakanin aikin da maganar. A hankali passé composé ya ture shi daga hira, alhali takwarorinsa na Sifaniyanci da Fotugis har yau a baki suke. Yanzu ko hier ɗin ma ba ya jituwa da shi sosai, don hier daga ranar mai magana ake auna shi. Abokan tafiyarsa su ne ce jour-là, la veille, le lendemain, soudain, alors, en 1960.

Masanin harshe Émile Benveniste ya yi bayanin wannan a 1959, inda ya raba amfani da lokuta gida biyu: histoire, inda ake jero abin da ya faru kamar ba mai magana, da discours, inda wani ke yi wa wani magana yanzu. Passé simple na gidan farko ne, shi ya sa il da ils suka fi yawa nesa ba kusa ba, je yana biye a labaran da jarumi ke ba da labarin kansa, tu da vous kuwa sai ka gama littafi ba ka gan su ba. Shi ya sa kuma littafin Albert Camus, L'Étranger, na 1942, ya ja hankalin masu nazari da ya ba da labarinsa kusan duka da passé composé. A Faransa kanta, manhajar karatun makarantu da ta fara aiki a 2016 ta taƙaita abin da ake nema daga yaran ƙarshen firamare ga il da ils, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya aka dawo da sauran. Ni a ganina duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu. Mai karatu il da ils ne abincinsa, da su ya kamata ya fara. Amma kai da za ka riƙe digiri a harshen, wataƙila ma ka koyar, bai dace nous arrivâmes ya ba ka mamaki ba, kuma shida ɗin ba su kai a yi musu rowar lokaci ba.

In ka zo rubuta naka labarin, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ka fara da il arriva, to kada a layi na uku ka koma il a vu. Wurin da passé composé ke da izinin shiga shi ne cikin bakin mutanen labarin: « J'ai perdu une chèvre », murmura-t-il. Makiyayin yana magana irin ta yau da kullum, mai ba da labari yana nan a passé simple.

Saura gargaɗi kan masu shigar burtu. Ba kowane -ir ne finir ba, ba kowane -re ne vendre ba. Wasu ba sa cutarwa, don partir, sortir, dormir, ouvrir jeri na biyun suke ɗauka: il partit, il ouvrit. Amma courir il courut ne, mourir il mourut, venir il vint, tenir il tint. Prendre ya yi kama da vendre kamar an tsaga kara, amma il prit ne, ils prirent. Mettre il mit, écrire il écrivit, conduire il conduisit, lire il lut, naître il naquit. Yaran Faransa da ke jin tatsuniya kafin su iya karatu sukan ce il prenda, il disa, don sun ji -a ta fi yawa sun ɗauka ta kowa ce. Ɗalibanmu ma haka suke yi a shekarar farko. Alamar da za ta tsare ka ita ce, -a da -èrent na masu -er ne su kaɗai. In infinitif bai ƙare da -er ba ka ga hannunka ya rubuta -a, to ka tsaya.

Ga yadda zan so ka bi shi. Ka rubuta shidan nan da hannu, kowanne a mutum shida: parler, manger, commencer, appeler, finir, vendre. Sannan ka ɗauki shafi ɗaya na littafin da aka ba ku, ka ja layi ƙarƙashin kowane passé simple, ka rubuta infinitif ɗinsa a gefe. Waɗanda suka ƙi shiga jeri biyun ka tara su a bayan littafin rubutunka. Zan iya gaya maka waɗanda za su fara cika wurin tun yanzu: il fut da ils furent na être, il eut da ils eurent na avoir, il fit na faire, il dit na dire, da il vit, wanda a labari na voir ne, ya gani, ko da yake a présent harafinsa ɗaya da na vivre.